Harajin VAT: Mece Ce "Samarwa" a Idon Doka?

Gabatarwa

A hutun da ya gabata, wani baffana da ke ba da hayar kujeru da rumfuna a Sabo ta Ibadan ya miƙo mini wata takarda ta haraji, ya ce, "Kai da kake karatun harshe a jami'a, duba ka gaya mini abin da take faɗa." Na karanta, na ce masa bayani ne a kan harajin da ake ɗora wa kayan da aka sayar. Sai ya yi dariya ya ce, "To ai ba da ni ake ba, ɗana. Ni ko kujera ɗaya ban taɓa sayarwa ba, haya nake bayarwa."

Sai da na dawo makaranta na bincika dokar, sannan na gane ni na ɓatar da shi. Kalmar da na fassara da "sayarwa" ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana ma'anar wannan kalma, wadda na ga ya fi dacewa a kira ta "samarwa", da yadda ake lissafa haraji a kanta, domin amfanin 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar fassara da tafinta.

Taƙaitaccen Tarihi

Harajin VAT haraji ne da ake karɓa a kan darajar da aka ƙara wa kaya ko hidima a kowane hannu suka bi. Faransa ce ta fara amfani da shi a shekarar 1954. A Nijeriya kuwa, dokar soja mai lamba 102 ta 1993 ce ta kafa shi, ya fara aiki a farkon 1994, inda ya maye gurbin harajin ciniki na 1986. An fara da kashi 5 cikin 100, sannan Dokar Kuɗi ta 2019 ta mayar da shi kashi 7.5 daga ranar 1 ga Fabrairu, 2020. Sabuwar Dokar Haraji ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni, 2025, ta bar shi a kashi 7.5 ɗin.

Ma'anar Kaya da Hidima

Doka ta kasa abin da ake samarwa gida biyu. Na farko shi ne kaya, wato duk abin da hannu zai iya taɓawa, kamar atamfa da takalmi da siminti. Amma gyaran da Dokar Kuɗi ta 2020 ta yi ya fitar da fili da gini da kuɗi da takardun hannun jari daga cikin ma'anar kaya. A nan sai mai fassara ya yi hattara, domin a bakin Bahaushe kalmar "kaya" ba ta da iyaka.

Na biyu shi ne hidima, wato duk abin da aka yi wa wani wanda ba kaya ba ne, kamar gyaran mota, ko aikin lauya, ko kiran waya. An cire aikin da ma'aikaci yake yi wa wanda ya ɗauke shi aiki. Saboda haka babu VAT a kan albashi; albashi da nasa harajin daban. Wannan ne ya sa na fi son "hidima" a kan "aiki", don kada mai sauraro ya zaci har da aikin albashi ake nufi.

Ma'anar Samarwa

Samar da kaya shi ne duk wata hulɗa da mallakar kaya ta tashi daga hannun wani zuwa na wani, ko aka yi yarjejeniya cewa za ta tashi nan gaba. Daga nan za mu ga abubuwa huɗu sun shigo ciki:

1. Sayarwa ta kuɗi hannu, wadda kowa ya sani.
2. Sayarwa ta biya da kaɗan-kaɗan, inda babur, misali, ba zai zama na mai saye ba sai ya kammala biya.
3. Ba da kaya haya ko jingina ta wani lokaci, wato sana'ar baffana ke nan.
4. Musaya, irin ta ba ni gishiri in ba ka manda. Ko da kuɗi bai shiga tsakani ba, doka kan ƙiyasta kayan a kan farashinsu na kasuwa.

Doka ta kuma amsa tambayoyi biyu: yaushe, kuma a ina? Dangane da lokaci, gyaran 2020 ya ce samarwa ta auku da zarar an rubuta takardar neman biya ko rasit, ko an karɓi kuɗin, ko lokacin biya ya yi, duk wanda ya riga. 

Dangane da wuri kuwa, kaya suna shiga haraji idan suna cikin Nijeriya lokacin samarwa ko an shigo da su. Hidima ita ce mai wuyar sha'ani. A shari'ar kamfanin Vodacom da Hukumar Tara Haraji ta Tarayya, kamfanin ya sayi hidimar tauraron ɗan'adam daga wani kamfani na ƙasar Holan, ya ce ai ba a Nijeriya aka yi hidimar ba. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa tunda a nan aka amfana da ita, sai an biya. Dokokin da suka biyo baya sun tabbatar da wannan ƙa'ida.

Yadda Ake Lissafi

Bari mu ƙaddara majemi da baduku da mai kanti, dukkansu masu rajistar haraji. Majemi ya sayar wa baduku fata a kan N10,000, ya ƙara haraji N750, ya kai wa hukuma. Baduku ya ɗinka takalma ya sayar wa mai kanti a kan N24,000, ya karɓi haraji N1,800. Ba zai kai duka ba; zai cire N750 da ya riga ya biya, ya kai N1,050. Mai kanti ya sayar a kan N30,000, ya karɓi N2,250, ya cire N1,800, ya kai N450. In muka haɗa 750 da 1,050 da 450, za mu sami N2,250, wato daidai abin da mai saye na ƙarshe ya biya.

Abin lura shi ne, ɗan kasuwa ba daga aljihunsa yake biya ba. Shi ɗan aike ne, kuɗin kuma amana ne a hannunsa. Wanda bai adana rasit ɗin sayayyarsa ba kuwa, ba shi da hujjar cire komai.

Keɓewa da Sifili

Akwai kalmomi biyu da masu fassara kan haɗe su ce "babu haraji", alhali ba ɗaya ba ne. Abin da aka keɓe, ba a karɓar haraji a kansa, kuma mai samar da shi ba zai nemi a mayar masa da harajin da ya biya wajen sayayya ba. Abin da aka sa wa kashi sifili kuwa, yana cikin tsarin, mai saye ba ya biyan ko kwabo, amma mai samarwa yana da damar neman a mayar masa da nasa. Dokar 2025 ta ɗauke kayan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafan karatu daga rukunin farko ta sa su a na biyu. Ga mai kamfanin burodi, wannan bambanci kuɗi ne tsaba.

Kammalawa

Da na koma gida na ce wa baffa, "Baffa, a gafarce ni, fassarata ce ba ta cika ba. Haya ma tana ciki." Tambayar da ta dace da shi ba ita ce ko ya sayar ba, a'a, nawa cinikinsa yake kaiwa a shekara. Dokar 2019 ta ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 ba nauyin karɓar wannan haraji, dokar 2025 ma ta bar wa ƙananan sana'o'i sauƙi. Sai muka ɗauko littafin cinikinsa muka zauna lissafi.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, idan an ba mu takardar doka mu fassara, mu fara neman sashen da dokar ta bayyana ma'anar kalmominta kafin mu buɗe ƙamus. A kasuwanninmu na Sabo da Mile 12 da Agege akwai mutane da yawa da za su gina shawararsu a kan abin da muka faɗa musu.