Bayanin Kiyaye Mafarki Bayan Farkawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya barci hutu ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya kai muridi, Allah ya datar da mu da kai, 'yan'uwa da yawa suna kai kuka ga muƙaddamansu cewa suna ganin abu cikin barci, amma kafin su ɗauki buta ya ɓace musu. Wannan bayani dominsu ne.

Fasali na farko, cikin darajar mafarki

Mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da zancen rai, da tsoratarwar Shaiɗan. Na farko ne abin nema. Ya tabbata cikin Buhari cewa mafarki nagari yanki ɗaya ne daga yanki 46 na annabci. Wasu malamai sun ce domin wahayi ya sauka shekara 23, wata 6 na farkonsu kuwa mafarki ne na gaskiya. Kiran salla ma da kake ji kullum, Abdullahi ɗan Zaidu, Allah ya yarda da shi, cikin barci aka koya masa kalmominsa a Madina. Ya kiyaye su, ya kai wa Manzon Allah, ya tabbatar da su, aka umurci Bilalu ya yi kira da su. Kuma Manzon Allah ya kasance idan ya idar da sallar Asuba yana tambayar sahabbai ko wani ya yi mafarki. Ka lura da lokacin tambayar, tun mafarki yana ɗanye ne.

Fasali na biyu, cikin dalilin mantuwa

A shekarar 1953, masu binciken barci a jami'ar Shikago ta ƙasar Amurka suka lura akwai lokutan da idon mai barci ke motsi da sauri ƙarƙashin fatarsa. Idan aka tashe shi a wannan hali, galibi yakan faɗi mafarkinsa. Wannan hali yana komowa kamar kowane minti 90, yana kuma ƙara tsawo wajen ƙarshen barci. To, wanda ya ce ba ya mafarki, mafi yawa mantuwa ce ta riske shi. Mafarki bai daɗewa cikin zuciya bayan farkawa face an maimaita shi nan take. Wanda kuma ya raba dare yana hira da shayi da goro, ya gajarta barcinsa, ya yanke yankin da mafarki ya fi yawa a cikinsa.

Fasali na uku, cikin ladubban kwanciya

Ka sauƙaƙa cikinka da dare. Ka idar da wuridinka, ka yi alwala, ka kwanta bisa ɓangarenka na dama. Ka karanta Ayatul Kursiyyu, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka tofa a tafukanka ka shafe jikinka. Ka ajiye takarda da alƙalami wajen kanka. Ka ƙulla niyya cewa idan Allah ya nuna maka alheri za ka riƙe shi. Ka tsare harshenka daga ƙarya da rana, domin ya zo cikin Muslim cewa wanda ya fi gaskiyar magana shi ya fi gaskiyar mafarki.

Fasali na huɗu, cikin ladubban farkawa

Nan ne ake samu, nan ne ake rasawa. Idan ka farka kada ka zabura, kada ka miƙa hannu ga waya, kada ka yi wa kowa magana. Ka yi addu'ar farkawa kana kwance yadda kake, sa'an nan ka bi mafarkin daga ƙarshensa zuwa farkonsa. Ka riƙe abu uku: wa ka gani, a ina, me aka ce. Ka rubuta su da kwanan wata kafin ka fita alwala, ko da kalma biyar ce. Ka dawwama a kan haka, domin zuciya tana riƙe abin da aka saba tambayarta.

Inda ka manta, ka bar gurbinsa fili. Kada ka cike shi da zato domin ya yi daɗin ji wurin shehi. Ya tabbata cikin Buhari cewa wanda ya ƙaga mafarkin da bai gani ba, za a kallafa masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, ba kuwa zai iya ba. Guntun mafarki na gaskiya ya fi cikakke wanda aka yi wa ƙari.

Fasali na biyar, cikin abin da ake faɗi da abin da ake bari

Mummunan mafarki ba a rubuta shi, ba a ba da labarinsa. Ka yi tofi hagunka sau uku, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ka juya ɗaya ɓangaren, ko ka tashi ka yi salla. Nagari kuwa ka gode wa Allah, ka faɗa wa masoyi ko masani, ban da mai hassada. Kuma mafarki bai halatta haram, bai kayar da farilla, bai ɗaukaka ka bisa ɗan'uwanka. Wanda ya bi waɗannan ladubba bai ga kome ba, kada ya yi baƙin ciki. Ya kwana da tsarki da zikiri, wannan kaɗai riba ce.

Allah ya nuna mana alheri cikin barci da farke, ya sa mu cika da imani. Amin. Tammat bi hamdillahi.