Yanka a Gida: Supa Gulu ko Ɗinki?

Ƙanwata, wuƙa ta zame a kicin, ko reza ta kama yatsan yaro, ko fasasshiyar kwalba ta yanki ƙafa a tsakar gida. Jini na zuba, asibiti da nisa, ga kuɗin kati, ga tsoron allurar ɗinki. Sai wani ya ce: "A ɗiga masa supa gulu kawai, ai likitoci ma da shi suke aiki." Kanikawa, kafintoci da teloli sun daɗe suna yin haka, masu faso kuma kan ɗura shi a dunduniya lokacin hunturu.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. Ga abin da ya kamata ki sani, da abin da za ki yi.

1. Gam ɗin asibiti daban, na shago daban. Asalinsu ɗaya ne. Wani masanin sinadarai a Amurka, Harry Coover, ya gano sinadarin a 1942, kamfanin Kodak ya fara sayar da shi a 1958. A yaƙin Biyetnam an riƙa fesa wa sojojin da suka ji rauni irinsa don tsayar da jini kafin a kai su wurin tiyata. Daga baya aka gyara shi ya dace da jikin mutum, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani gam ɗin asibiti mai suna Dermabond a 1998. Akwai kuma Histoacryl. Waɗannan tsabtatattu ne, suna lanƙwasa tare da fata. Na shago kuwa don roba da ƙarfe aka yi shi: yana fitar da zafi idan zai bushe, yana cin tsoka, yana tsagewa da zarar fata ta motsa.

2. Fara da tsayar da jini. Wanke hannunki, ki ɗora ƙyalle mai tsabta a kan raunin, ki danne sosai har minti 10 ba tare da kina ɗagawa kina leƙawa ba. Ɗaga hannun ko ƙafar sama. Idan ƙyallen ya jiƙe, ƙara wani a kansa, kada ki cire na farko. Idan a yatsa ne, zare zobe tun kafin wurin ya kumbura. Jinin da ke tsartuwa, ko wanda ya ƙi tsayawa bayan minti 15, na asibiti ne nan take. Ki ci gaba da dannewa har ku isa.

3. Wanke shi da ruwa mai yawa. Wannan matakin ya fi kowane gam amfani. Samo ruwan leda biyu ko uku, ki huda kusurwa, ki matsa ruwan ya riƙa feshi cikin raunin har yashi da datti su fita. Sabulu a gefe-gefe ya isa. Ban da toka, ƙasa, gishiri, fetur, man birki ko man goge baki. Sifirit ma gefen rauni ake gogewa da shi, don idan ya shiga ciki yana ƙona naman da zai haɗe.

4. Duba shi da kyau a cikin haske. Ki tafi asibiti idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: bakin raunin ya wage, ba ya haɗuwa sai da ƙarfi, zurfinsa ya kai rabin santimita, ana hango kitse rawaya, farar jijiya ko ƙashi, yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya daina jin taɓi, raunin yana kan gaɓa, leɓe, fatar ido ko al'aura, ko akwai gilashi a ciki da ya ƙi fita. Gam saman fata kawai yake riƙewa. Idan jijiyar da ke motsa yatsa ta tsinke kika liƙe samanta, fata za ta warke, yatsan kuma ya sandare.

5. Kada ki bari ya kwana. Ɗinki ya fi kyau cikin awa 6 zuwa 8 na farko. Bayan haka ƙwayoyin cuta sun fara yawa, kuma likita na iya ƙin rufe raunin, ya bar shi ya cike da kansa. Hakan ya fi daɗewa, tabon ma ya fi faɗi. Idan tsoron zafi ne, ki sani ana yin allurar kashe zafi a wurin kafin a fara ɗinki. A fuska zaren kan yi kamar kwana 5, a sauran jiki kwana 7 zuwa 14.

6. Akwai raunin da ba a liƙewa ko da gam ɗin asibiti. Cizon kare, mage ko mutum, sukar ƙusa ko ƙaya, da duk raunin da ƙasa ko kashin dabba ya shiga. Liƙe irin wannan tamkar rufe ƙofa da ɓarawo ne. Ƙwayar cutar tetanus, mai sarƙe haƙora, tana zaune cikin ƙasa da taki, kuma inda babu iska ta fi yaɗuwa. Idan kare ne ya yi cizo, ki wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar saboda allurar haukan kare. Mai ciwon suga kuwa, kowane rauni a ƙafarsa sai ma'aikacin lafiya ya gani, komai ƙanƙantarsa.

7. Ƙaramin yanka, filasta ta ishe shi. Idan yankan miƙaƙƙe ne, gajere, marar zurfi, jini ya tsaya, kuma bakinsa na haɗuwa cikin sauƙi, ba ki buƙatar gam ko kaɗan. Busar da gefen, ki haɗa bakin da yatsunki, ki gitta siraran filasta a kansa, ki bar ɗan tsakani tsakaninsu. A kemis ki tambayi Steri-Strip. Idan babu, yanka filasta ta yau da kullum siri-siri da almakashi mai tsabta. Rufe da bandeji, ki canza shi kullum ko da zarar ya jiƙe.

8. Idan gam ɗin asibiti aka sa, ga ƙa'idarsa. Ya fi dacewa ma'aikacin lafiya ya sa shi bayan ya duba raunin. Ana haɗa bakin fata tukuna, sannan a shafa shi a sama, ba a ɗiga shi cikin nama, a riƙe kamar minti 1. Kada ki shafa basilin ko man rauni a kansa, don suna sassauta shi. Kada a jiƙa wurin cikin ruwa ko a cuɗa shi. Ki hana yaro ɓantare shi. Da kansa zai faɗi cikin kwana 5 zuwa 10.

9. Idan an riga an sa na shago, kada ki fizge shi. Jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu, ki shafa basilin a gefe, zai saki a hankali. Kada ki taɓa haɗa shi da auduga, domin haɗuwarsu na haifar da zafin da ke ƙona fata. Idan ya shiga ido, kada a buɗe idon da ƙarfi. A ɗora ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan ɗumi, a tafi asibiti.

10. Ki tuna da allurar tetanus. Idan raunin mai datti ne ko mai zurfi, kuma allurar ƙarshe ta wuce shekara 5, ana buƙatar sabuwa. Idan mai tsabta ne, shekara 10 ce iyaka. Wanda bai san yaushe aka yi masa ba, ya je a yi masa kawai.

11. Sa ido na kwana uku. Ja mai yaɗuwa, kumburi, zafi mai ƙaruwa, ruwa ko mugunya, wari, zazzaɓi, ko jan layi da ke hawa hannu, duk alamun raunin ya harbu ne. A nan ba maganar jira, ba kuma maganar sayen kafso a yi ta sha ba tare da an duba ba.

Gobe da safe

Ki shiga kemis ki sayi bandeji, filasta, aidin, safar hannu da ƙaramin almakashi. Ki zuba su cikin roba mai murfi, ki ajiye inda kowane babba a gidan ya sani.

Ki ɗauke supa gulu daga wurin ajiye magani, ki kai shi cikin kayan gyara, nesa da yara. Kwalbarsa na kama da ta maganin ɗigawa a ido, kuma mutane sun sha yin wannan kuskuren da dare.

Ki fito da katin rigakafin yara da naki na awon ciki, ki duba ranar allurar tetanus ta ƙarshe. Ki tambayi asibitin da ya fi kusa da ke ko suna ɗinki da dare, ki ajiye lambar mai babur ko mai adaidaita da za ki iya kira.

Idan faso ne damuwarki, jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi da dare, ki goge kaushin da dutse, ki shafa basilin, ki sa safa ki kwanta. Ki dage da haka kullum har hunturu ya wuce.

Ki faɗa wa maigida da samarin gidan masu zuwa gareji ko shago: ƙaramin yanka ruwa da filasta yake so, babba kuma asibiti. Supa gulu a bar wa takalmi da karyayyen bokiti.