Mabuɗin Aro: Darasi A Kan Izinin Setuid

A kwamfuta mai aiki da Unix ko Linux, akwai mai kula guda ɗaya da ake kira root. Shi ne yake da ikon taɓa kowane fayil, sauran masu amfani kuwa kowa da iyakarsa. To, ga tambaya. Kalmomin sirri na kowa suna ajiye cikin fayil /etc/shadow, kuma root kaɗai ne zai iya rubutu a ciki. Ƙaƙa ɗalibi zai canja tasa kalmar ba tare da ya kira mai kula ba?

Kowane fayil yana da izini iri uku, kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. Ana ba da su ga mai fayil, da ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Dennis Ritchie na Bell Labs a Amurka ya ƙirƙiro wani izini na musamman mai suna setuid, aka ba da takardar mallakar wannan fasaha a 1979. In an sa wa shiri wannan izini, zai yi aiki da ikon mai fayil ɗin, ba da ikon wanda ya kira shi ba.

Shirin passwd na root ne, yana kuma da setuid. Sa'ad da ɗalibi ya kira shi, shirin yakan ari ikon root, ya canja kalmar ɗalibin kaɗai, ikon ya ƙare. Kamar a ba yaro mabuɗin sito ne ya ɗauko alli ya komo. Mai kula yakan sa izinin da umarnin chmod 4755. Lambar 4 ta farko ita ce setuid.

Amma akwai haɗari. In shirin yana da kuskure, mugu zai iya bi ta nan ya mallaki kwamfutar duka. A Janairu 2022 aka bayyana irin wannan kuskure cikin shirin pkexec, wanda ya kwanta a ɓoye tun 2009.

Saboda haka mu riƙe abu uku. Kada mu sa setuid a shirin da zai iya gyara kowane fayil ko ya kira wani shiri. Mu riƙa duba masu wannan izini da umarnin find / -perm -4000. In mutum ɗaya ne yake bukatar umarni ɗaya, mu yi amfani da sudo, gama yana rubuta wanda ya yi abin. Rigakafi ya fi magani.