Gyara da Gam a Gida

Maigida, in takalminka ya ɓalle, ko ƙafar kujera ta tsage, ba lalle ne sai ka sayi sabo ba. Gam yana gyara, in an bi hanyarsa.

Da fari ka goge wurin, ka bari ya bushe sarai, gama gam ba ya kama ƙura ko maiƙo. Shafa kaɗan, yawansa ba ya ƙara ƙarfi. In sholisho ne irin na masu faci, jira kamar minti 5 ya sha iska, sa'an nan ka haɗa ka danne. Yi aikin a tsakar gida, nesa da murhu, don yana kama wuta. Warinsa kuwa yana juya kai, yana lalata ƙwaƙwalwar mai yawan shaƙarsa.

Super Glue shi nan take yake kamawa. In ya manne yatsu, kada a ja, a jiƙa su cikin ruwan ɗumi da sabulu har su rabu. 'Yar robarsa ta yi kama da ta maganin ido, saboda haka kada a ajiye su wuri guda. In ya shiga idon yaro, kada a buɗe da ƙarfi. A wanke da ruwa mai tsabta, a kai shi asibiti nan da nan.