Yadda Ake Zaɓar Bindigar Hannu ta Kare Kai a Amurka: Ƙarama ko Babba?

A Amurka, ɗaukar bindigar hannu a ɓoye don kare kai halal ne ga wanda ya cika sharuɗɗa, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 ya ƙara tabbatar da wannan haƙƙi. A Najeriya kuwa doka ta hana farar hula mallakar irin wannan bindiga sai da izinin shugaban ƙasa. Ga matakan da mai saye yake bi a Amurka.

1. Fara da dokar jiharka. Fiye da rabin jihohi ba sa neman lasisin ɗauka, amma Kalifoniya da New York suna nema, kuma sun taƙaita abin da gidan harsashi zai ci zuwa harsashi 10.

2. Auna nauyi da yawan harsashi. Glock 19 tana cin harsashi 15, nauyinta ya haura giram 600. Ruger LCP tana cin 6, ba ta kai giram 300 ba, har aljihu take shiga. SIG Sauer P365, wadda ta fito a 2018, ta zauna a tsakiya: jiki ƙarami, harsashi 10.

3. Harba kafin ka biya kuɗi. Wuraren koyon harbi da dama suna ba da haya. Nan ne ƙarama take nuna aibinta: rashin nauyi yana sa ta zabura a hannu da ƙarfi, mariƙinta gajere ne har ƙaramin yatsa ya rasa wurin zama, saiti kuma ya yi wuya. Babba tana zama daram, harbi na biyu yana bin na farko ba tare da kauce wa saiti ba.

4. Gwada ta da tufafin da ka saba sawa. Mariƙi ne yake fara tona asiri a ƙarƙashin riga, ba bakin bindiga ba. Zauna, sunkuya, shiga mota.

5. Sayi kube mai tauri wanda ya rufe kunama gaba ɗaya, da ɗamara mai ƙwari. A gida, kulle ta a akwatin ƙarfe inda yara ba za su kai ba.

Zaɓi mafi girman bindigar da za ka iya ɓoyewa kuma ka jure ɗauka kullum, sannan ka riƙa zuwa horo a kai a kai.