Kafin Ka Hau Keken Nan

Ɗana, mahaifiyarka ta ce min kai da abokanka biyu kuna shirin hawa keke daga nan Rufa'a har Jabal Moya, ba don fatauci ba, don buɗe ido kawai. So take in hana ka. Ba zan hana ba, domin yaron da ya girma a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin tamu ya kamata ya ga dutse da idonsa. Amma zauna ka saurara.

Ku bari damina ta ɗauke sarai. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, in ta sha ruwa sai ta kama taya har ta ƙi juyawa, ka koma kai ne ke ɗauke da keken. Disamba ko Janairu ya fi, lokacin iskar arewa tana bayan mai nufin kudu. Ku fita bayan asuba, ku haye gada zuwa Hasahisa, ku kwana a Madani. Kayan faci da tub na ajiya kada su bar jakarka, ƙaya ba ta ƙarewa a hanyar nan. Ruwan magudanan gonaki kuwa, komai zafi kada ka shiga wanka, can ake ɗaukar tsargiya.

Ga abin da ke hana ni barci. Madani ta fita hannun soja a Disambar 2023, ba ta dawo ba sai Janairun 2025, kuma an gwabza ƙwarai a kan Jabal Moya a 2024. Yaƙi yakan bar abin da ya bari a ƙasa. Ka bi sawun da amalanke da motoci suka taka, kada ka yanke daji don rage hanya, kada ka taɓa ƙarfen da ba ka san shi ba. Kowane ƙauye ka tambayi dattawansa halin gaba. In sun ce ka koma, ka koma.

Da kun isa Sinnar, kun ga madatsar da aka gama a 1925, kada ku juya yamma tukuna. Ku ƙara gaba kaɗan zuwa Maiurno. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kafa garin da mutanen da suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903. Da ƙafa suka zo, da tsofaffi da goyo. Ka sauka daga keke tun a bakin gari, ka tura shi, ka gaida manya da Hausa, ka faɗi gidanku. Ina so ka kwana can ko da dare ɗaya.

Daga can sai ku juya yamma zuwa Jabal Moya, a gindin dutsen ku ba wani amanar kekunan, ku hau da ƙafa da sassafe. Gobe ka kawo naka in duba birki da sarƙa, ka kuma ɗauki famfona, yana rataye a zaure.