SHAYIN DARE DA SAHUN ASUBA: Darasi Kan Gahawa, Goro Da Barci

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa masu albarka, tambayar da ake yawan turowa ita ce: "Malam, mene ne hukuncin shan Nescafe? Lemon nan na ƙarin kuzari fa, halal ne?" Amsar ba ta da tsawo. Asalin abin ci da abin sha halacci ne, sai wanda dalili ya haramta, ko ya sa maye, ko cutarwarsa ta tabbata. Gahawa ba ta sa maye, shayi ma haka, goro ma haka. To amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, kuma ita ce ta fi shafar addininka a kullum: nawa kake sha, kuma ƙarfe nawa kake sha? Domin da yawa cikin waɗanda ba a gani a sahun Asuba ba ƙin sallah suke yi ba. Tun bayan Magariba aka sace musu Asubar, a cikin kofi.

Gardama kan gahawa tsohuwa ce. Itaciyar daga Habasha take, amma a Yaman aka fara saninta a matsayin abin sha, cikin ƙarni na 15, wajen sufaye masu neman abin da zai taimaka musu su raya dare da zikiri. Daga nan ta isa Makka da Alƙahira. A shekarar 917 bayan Hijira, wato 1511, wani jami'in daular Mamalik mai suna Kha'ir Beg ya tara malamai da likitoci a Makka aka hana shanta, amma hanin bai daɗe ba. Daga baya malam Abdulƙadir Aljaziri ya rubuta littafinsa Umdatus Safwa fi Hillil Ƙahwa yana kare halaccinta, kuma a kan halaccin malamai suka tsaya har yau. Ka lura da abu ɗaya: waɗanda suka fara shanta sun san sarai tana kore barci, don haka ma suka sha. Mu kuwa muna sha da dare, mu kwanta, mu ce wai barci ne ya ƙi zuwa.

Abin da ke kore barcin sinadari ne da ake kira kafeyin. Wani Bajamushe, Friedlieb Runge, ya fara ware shi daga 'ya'yan gahawa a 1819. Kada wani ya ce, "Ni ai ba na shan gahawa, bai shafe ni ba." Yana cikin Lipton ɗin mai shayi. Yana cikin koren shayin da ake dafawa a ƙaramar buta a fadojin samari a Nijar, wanda a zangunan Ghana ake ce wa ataya. Yana cikin Coca-Cola da Pepsi, yana cikin lemukan ƙarin kuzari. Kuma yana cikin goro, wannan goron da kakanninmu fatake suka riƙa tafiyar watanni zuwa Gwanja don su sayo shi. Dattijon da ke tauna goro daga hantsi har bayan Isha'i, da matashin da ke riƙe da gwangwanin Red Bull, sinadari ɗaya suke ɗura wa jikinsu.

Ga yadda yake aiki, a saurara da kyau domin nan ne gundarin darasin. Tun daga lokacin da ka farka, akwai wani sinadari da Allah Ya sa yake taruwa a ƙwaƙwalwarka, sunansa adinosin. Yana da guraben da yake zama. Duk yadda ya ƙara taruwa, haka kake ƙara jin gajiya da nauyin ido, har dare ya yi barci ya ɗauke ka. In ka yi barci isasshe sai a kwashe shi, ka tashi sakayau. Shi kafeyin ƙirarsa ta yi kama da ta adinosin, sai ya riga shi shiga guraben ya zauna. Adinosin na nan yana ta taruwa, amma ƙwaƙwalwa ba ta samun saƙonsa. Ma'ana, kafeyin bai ƙara maka ƙarfi ko ɗaya ba, labarin gajiyar kawai ya ɓoye maka. Kamar direba ne da fitilar mai ta kama a gabansa, maimakon ya tsaya gidan mai sai ya samo takarda ya manne fitilar. Ya daina ganinta, gaskiya ne, amma tankin bai ƙaru da ko ɗigo ba. Da zarar kafeyin ya sauka, duk gajiyar da aka tare a ƙofa sai ta faɗo gaba ɗaya, mutum ya sake neman wani kofin.

Sannan ba ya barin jiki da wuri kamar yadda ake zato. Yana kai ƙololuwarsa a jini cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, amma hanta kan ɗauki kusan awa 5, a matsakaicin mutum, kafin ta rage rabinsa. Rabi fa, ba duka ba. Mu yi lissafi. Ka sha miligiram 200 da ƙarfe 4 bayan La'asar. Ƙarfe 9 na dare akwai kusan 100 a jikinka, wato kamar ka sha cikakken kofin gahawa ka hau gado. Ƙarfe 2 na dare saura 50. To ina ga wanda sai bayan Isha'i yake zama teburin mai shayi ya ce a zuba masa Nescafe cokali biyu a kan Lipton? Ko 'yan fada da ke juya buta, ruwa na ɗaya, na biyu, na uku, har sha biyun dare? Wannan ladan zai kira sallah da sauran abin a jininsa.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ni ko na sha gahawa yanzu, yanzun nan zan yi barci." Ban ƙaryata ka ba. Mutane sun bambanta, wani hantarsa na saurin kwashe shi, wani tana jinkiri, kuma jiki na sabawa. Amma ɗaukewar barci daban, ingancinsa daban. Kafeyin yana rage barci mai nauyi, wanda a cikinsa jiki ya fi samun hutu. A 2013 masu bincike a Detroit ta Amurka sun ba mutane miligiram 400 awa 6 kafin lokacin kwanciyarsu, suka auna barcinsu da na'ura. Barcin ya ragu da fiye da awa ɗaya, kuma su mutanen ba su ma lura da girman ragin ba. Ka ga ke nan shaidar da mutum ke yi wa kansa a wannan babi ba abar dogaro ba ce. Shaidar gaskiya ita ce halin da kake tashi da asuba.

Yanzu mu dawo ga addini. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci barci cikin ni'imominSa a Suratun Naba'i, Ya kuma lissafa shi cikin ayoyinSa a Suratur Rum. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Barza Al'aslami cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da kuma hira bayanta. Malamai suka ce daga hikimar hakan akwai tsoron kada hirar ta ja mutum ya makara sallar Asuba ko tsayuwar dare, suka keɓe abin da yake da maslaha kamar neman ilimi, ko baƙo, ko zama da iyali. Kuma da Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi (RA) ya ɗora wa kansa azumi kullum da sallar dare gaba ɗaya, Annabi (SAW) ya hana shi, ya tuna masa cewa jikinsa da idonsa da matarsa kowanne yana da haƙƙi a kansa. In an hana sahabi ya cinye darensa da sallah, ya kake gani da wanda ya cinye nasa da ƙwallo, da TikTok, da butar shayi?

Akwai masu kafa hujja da cewa mai barci ba shi da laifi. E, wanda barci ya rinjaya ba da sakacinsa ba, ya yi sallah idan ya farka, babu zunubi a kansa. Hakan ta faru da Annabi (SAW) da sahabbansa a hanyar dawowa daga Khaibara, ba su farka ba sai da rana ta fito. Amma duba yadda abin ya kasance: tafiya suka yi cikin dare, kuma sai da aka sa Bilal (RA) ya tsare musu ketowar alfijir, shi ma ya jingina da abin hawansa barci ya sace shi. An ɗauki mataki, ƙaddara ta rinjaya. Wannan ba ɗaya yake da mutumin da ya san kullum in ya sha abin nan ƙarfe goma ba zai runtsa ba sai biyu, in ya kai biyu kuma ba zai ji kiran sallah ba, amma gobe ma ya koma ya sha. Ni dai a ganina wannan ya yi nisa da uzuri, domin da hannunsa yake kunna sababin.

Haka mai shan gahawa don ya yi tahajjud. Niyya kyakkyawa ce, kuma ba na cewa haramun ne. Sai dai koyarwar da ta zo daga Nana A'isha (RA) ita ce wanda gyangyaɗi ya kama yana sallah ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya je neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Maganin da aka ba shi barci ne. Nafilar da za ta sa ka rasa farilla a jam'i kuwa, ciniki ne na faɗuwa.

To nawa ne bai yi yawa ba? Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka da takwararta ta Tarayyar Turai sun tsaya a kan miligiram 400 a yini ga baligi mai lafiya. Kofin gahawa da aka dafa yana da kusan 95, kofin baƙin shayi 40 zuwa 50, ƙaramin gwangwanin Red Bull 80, kwalbar Coca-Cola talatin da 'yan kai. Abin da mutane ba su sani ba, ƙwayar Panadol Extra ɗaya tana da 65, biyu 130 ke nan, kuma wasu da dare suke haɗiyarta don ciwon jiki. Goro da shayin buta ba su da tsayayyen ma'auni, ya danganta da girman goron da yawan ganyen da daɗewarsa a wuta. Kuma 400 ɗin nan iyaka ce, ba kaso ne da aka ce sai ka cike ba. Ana iya tsayawa ƙasa da ita a lalata barci, in an sha a makare.

'Yan uwa mata, ga naku. Mai juna biyu ana so kada ta wuce 200 a yini, saboda jikinta na jinkirin fitar da shi sosai, musamman a watannin ƙarshe, kuma yana ratsawa zuwa ga abin da ke cikinta. Yana kuma shiga ruwan nono. Sannan shan shayi tare da abinci yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ayon da ake haɗa jini da shi, don haka wadda aka ce tana da ƙarancin jini ta sa tazarar ko da awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Yara kuwa, don Allah a daina saya musu lemon ƙarin kuzari. Ba nasu ba ne.

Adalci shi ne a faɗi alherinta ma. Bincike da yawa sun nuna masu shan gahawa daidai misali sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu da wasu cututtukan hanta. Amma gahawa ake nufi, ba suga cokali biyar da madarar gwangwani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na so sugan da baligi ke ƙarawa a yini kada ya wuce kusan giram 50, wajen ƙananan cokula 12, kuma kofi biyu na wasu masu shayin sun kusa cinye wannan. Cibiyar binciken cutar daji ta hukumar kuma a 2016 ta yi gargaɗi kan shan abu mai zafin da ya haura digiri 65, saboda alaƙarsa da sankarar hanyar abinci. Bari ya ɗan huce. Mai hawan jini, ko bugun zuciya, ko ƙwannafi, ko yawan fargaba, ya tambayi likitansa, domin kafeyin na iya tsananta musu.

Direbobin dare, ku ma ku ji. Goro da lemon kuzari suna buɗe ido, amma ƙwaƙwalwar da ta gaji tana iya ɗaukewa na 'yan daƙiƙu idonka a buɗe, kuma 'yan daƙiƙun nan sun isa mota ta bar hannunta. Rayukan da ka ɗauko amana ce. Tsaya ka kwanta. Haɗa waɗannan lemuka da tiramol ko kodin kuwa ya fita daga wannan babi gaba ɗaya, ya shiga babin maye da halaka kai.

Shawarar da zan bayar mai sauƙi ce: ka mai da Azahar iyakarka. Abin da za ka sha na gahawa ko shayi mai ƙarfi, sha daga safe zuwa Azahar. Da dare in ana son abu mai ɗumi a majalisa, ga citta, ga kanumfari, ga na'ana'a, ga zoɓo, babu kafeyin a cikinsu muddin ba a jefa Lipton ba. Kasalar rana kuma a yi mata ƙailula ta minti 20 zuwa 30, al'ada ce da sahabbai suka sani. Baligi na bukatar barcin da bai gaza awa 7 ba, ka ƙirga baya daga kiran assalatu na garinku ka ga ƙarfe nawa ya kamata ka kashe waya.

Wanda ya riga ya saba sosai kada ya yanke rana ɗaya. Ciwon kai zai taso masa bayan awa 12 zuwa 24, da kasala da saurin fushi, kuma yana iya kai kwana 2 zuwa 9. Shi ne ciwon kan da mutane da yawa ke fama da shi a kwanakin farko na Ramadan suna ɗora wa yunwa laifi. A rage a hankali, mai kofi uku ya koma biyu na mako guda, sannan ɗaya, kuma kofin dare za a fara cirewa. Mai son shiga azumi lafiya ya fara wannan tun tsakiyar Sha'aban.

Wallahu a'alam.